Daga Yelwa zuwa Badun: Hangen Birni daga Saman Gidan Koko

Mu mutanen ƙasar Yawuri, tun daga Shanga ta arewa har zuwa Wara da tungayen Ngaski da ke jere a bakin tafkin Kainji, idonmu ya saba da faɗi, bai saba da bisa ba. Domin kuwa masunci a cikinmu yana iya tsayawa a gaɓar Zamare ya dubi Rofiya a tsallake, ya faɗa maka ko iskar ranar za ta bar jirgi ya haye lafiya, amma in ka tambaye shi yadda duniya take ga wanda ya dube ta daga sama, iyakar saninsa kan dutse ne, ko kuwa bisa lodin motar albasa. Saboda haka, sa'ad da baffana, wanda ya daɗe da zama a unguwar Sabo ta Badun yana dillancin goro, ya aiko cewa zai aurar da 'yarsa, sai na ƙudura niyya biyu: ta farko sada zumunci, wanda addini ya wajabta, ta biyu kuwa hawa dogon benen nan da ake kira Cocoa House, wato Gidan Koko, wanda fatake suka cika mana kunne da labarinsa tun muna yara, domin an ce gani ya kori ji.

Muka tashi daga tashar Yelwa bayan sallar asuba, a ƙarshen damina, lokacin da farin ruwa ya cika tafki har ya taɓo gindin itatuwa, shinkafa kuma ta fara nuna a fadamu. Direba ya yi mana gargaɗi tun kafin a yi addu'ar tafiya cewa shi ba ya tuƙin dare, inda magariba ta riske mu nan za mu yada zango, kuma babu wanda ya yi masa musu, saboda kowa ya san halin da hanyoyin wannan yanki suke ciki a 'yan shekarun nan. Kuɗin mota ne kawai aka yi ta ja-in-ja a kansa, domin tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, abin da a da yake kai mutum Badun ya dawo da shi gida, yanzu ko zuwan kaɗai bai isa ba. Jim kaɗan muka wuce Birnin Yawuri, inda kufan tsohuwar ganuwa yake nan yana tuna wa mai wucewa cewa nan ne fadar sarakunanmu ta asali, kafin Sarki Abdullahi Abarshi ya zauna a Yelwa a 1888; kuma ta wannan ƙasa ce ayarin fatake suke bi daga Kano zuwa Gwanja, su tafi da kanwa da tufafi da fatu, su komo da goro a kan jakuna bayan watanni masu yawa. Ashe ke nan sana'ar baffana gadon wannan hanya ce, sai dai goron ya matso kusa, jaki kuma ya bar wa mota.

Kusa da ni a mota akwai wata dattijuwa Bayarabiya, 'yar kasuwar kifi, wadda Hausarta ta fi ta wasu 'yan birninmu daɗi, ta cika bayan motar da kwalayen kifin banda: tarwaɗa, da kurungu, da faliya, da ƙarfasa, da buhun warangi guda. Na ce mata, "Iya, wannan kaya haka, ai kin kwashe mana tafkin." Ta yi dariya ta ce, "Malam, tun uwata tana da rai muke zuwa Yelwa, kuma da kifinku na aurar da 'ya'yana duka, na je Makka." Ta bayyana mini cewa kwalin da ta saya a bakin ruwa, kafin ya isa hannun mai miya a Badun ya ninka kuɗinsa har ya ɗora, amma in aka cire kuɗin mota, da na 'yan dako, da abin da ake bari a shingayen hanya, da wanda ƙwari suka ɓata, abin da ya rage mata bai taka kara ya karya ba. Duk inda muka tsaya sai ta sayi wani abu ta raba wa 'yan mota, kuma ba ta yarda na biya kuɗin shayina a Kwantagora ba, wai ni baƙonta ne tun daga nan, tun da garinsu na nufa.

Kwantagora, garin da Umaru Nagwamatse jikan Shehu Usmanu ya kafa, ba mu daɗe a cikinsa ba. Daga nan zuwa Mokwa hanya ta gwada mana haƙuri, ga ramuka, ga manyan motocin shanu da tankokin mai sun yi jerin gwano, ga shingayen jami'ai, waɗanda muka wuce su da gaisuwa da nuna takardu. A Mokwa muka yi wa mamata addu'a, domin a ƙarshen Mayu na 2025 ambaliya ta auka wa garin da asuba, ta ci rayuka fiye da 150, da yawansu daga Unguwar Hausawa. A wannan yanki ne kuma na fara lura da manyan turakun ƙarfe masu ɗauke da wayoyin lantarki, suna ratsa daji a jere ba su karkata, sun taso daga madatsar Kainji sun nufi Jabba, daga can su wuce Oshogbo, sa'an nan a rarraba wutar zuwa Badun da Ikko. Ruwan ƙofar gidanmu ne yake tafe a cikinsu, ya riga mu isa inda za mu.

A Jabba muka sake gamuwa da Kwara, ta tsuke tsakanin duwatsu bayan ta kuɓuta daga madatsa ta biyu, har mutumin Yelwa ya yi mamakin cewa wannan ce uwar ruwan da ya sani. Muka sauka muka haɗa azahar da la'asar ƙasaru, kamar yadda shari'a ta rangwanta wa matafiyi, sa'an nan direba ya nuna mini wata 'yar hasumiya ta dutse da Turawa suka gina don tunawa da Mungo Park da Richard Lander. Shi Park ya ratso ta Yawuri a jirginsa, ya halaka a gurguzun ruwan Busa a 1806; shi kuwa Lander ya zo Yawuri tare da ƙanensa a 1830 suna cigiyar takardunsa a wurin Sarki. Baƙi ne da suka wuce sau ɗaya, amma an kafa musu alama wadda ta tsaya har yau. Na riƙe wannan a zuciyata, muka ci soyayyen kifi wanda kuɗin gunduwarsa ɗaya zai sayi kifi sukutum a tungayenmu, muka kama hanya.

Magariba ta riske mu a Ilori, muka sauka a unguwar Gambari, wadda Hausawa suka kafa tun kafin zuwan Turawa, a zauren wani malami da direbanmu ya saba sauka wurinsa. Ko sunana bai tambaya ba sai da aka kawo ruwan alwala, aka shimfiɗa tabarma, aka ajiye akushin tuwo, da ya ji daga inda na fito kuwa, sai ya ce, "Malam, ai gida ka zo, mu da ku duk tutar Gwandu ce ta lulluɓe mu a da." Muka raba dare muna hira a kan yadda daular Ilori ta yi ta matsawa kudu a ƙarni na 19, har mayaƙan Badun suka tare ta a Oshogbo wajen 1840. Da safe na miƙa masa ɗan abin sadaka, ya ƙi karɓa, sai da na ciro ƙullin kifi na ce tsaraba ce ta iyali, sa'an nan ya sa hannu biyu ya yi godiya.

Daga Ilori zuwa Ogbomosho da Oyo ƙasa ta sake kama: kuka da kaɗanya suka yi ta raguwa, kwakwar manja da ayaba suka yi ta ƙaruwa, ƙasa ta yi ja, iska ta yi nauyi da laima. Muka shiga Badun da hantsi ta Ojoo, inda Iya ta damƙa ni a hannun wani direban ƙaramar tasin nan Micra, wadda ta cika garin, ta kuma ja masa kunne da Yarbanci a kan kuɗin da zai karɓa. Unguwar Sabo, wadda aka keɓe wa Hausawa a 1916, tana gindin tudun Mokola, kuma wanda ya shige ta da daddare zai rantse a Fagge yake ko a Tudun Wadan Zariya: ga masu tsire da kilishi, ga masu fura, ga 'yan canji suna kiran mai wucewa, ga sautin wazifa yana tashi daga zawiyoyin Tijjaniyya bayan magariba. Tsarin zamansu tun asali a kan maigida yake, wato mutumin da yake saukar da baƙon fatake, ya ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kuɗi, ya nemo masa mai saye, ya kuma tsaya masa in an ci bashi. Kuma ko da yake waya da banki sun rage wa wannan tsari ƙarfi, ladabinsa yana nan, domin a gidan baffana ban ga an ɗora tukunya daidai bakin mutanen gida ba ko sau ɗaya. Aka ɗaura aure lafiya, aka yi walima, aka watse.

Game da tsadar kaya, abin da na gani shi ne kowace ƙasa tana arha da abin da Allah Ya ba ta. Goron da muke saye ƙwaya-ƙwaya a Yelwa, a nan da kwando ake cinikinsa. Manja da doya da ayaba kuwa sai mutum ya ji kunyar tayawa. Amma albasar da Gungawa suke nomawa a gaɓar ruwa, wadda a lokacin kakarta yaro yake ɗiba a ba shi kyauta, a kasuwar Shasha da ta Bodija ƙirga ta ake yi, ana jera ta huɗu-huɗu a faranti. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ruwa, domin na ga magidanci yana sayensa jarka-jarka daga 'yan garuwa, yana lissafinsa cikin kuɗin cefane. Hayar ɗaki ɗaya kuma ta shekara ta isa mutum ya kama gida mai tsakar gida a wurinmu.

Bayan an sallami baƙi, na ce wa baffa ina son zuwa Gidan Koko. Ya ce, "Ɗana, shekarun da na yi a garin nan kullum ina ganinsa, ban taɓa hawa ba, ka je ka gano mana." Ya haɗa ni da ƙaramin ɗansa, haifaffen Sabo, wanda Yarbanci yake a bakinsa kamar Hausa, muka nufi Dugbe, cibiyar ciniki ta garin, kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa da ya iso Badun a 1901. Benen yana da hawa 26, tsawonsa mita 105, an kammala shi a 1965 a zamanin Firimiya Akintola, bisa shirin da aka faro tun zamanin Awolowo, kuma a lokacin babu ginin da ya kai shi tsawo a wannan sashe na Afirka. Ba da kuɗin man fetur aka gina shi ba, da rarar cinikin koko da sauran amfanin gona na Jihar Yamma ne, wato abin da hukumar ciniki take tarawa tsakanin farashin da take biyan manomi da wanda take sayarwa a ƙasashen Turai, irin yadda aka yi da gyaɗa da auduga a Arewa. Gobara ta cinye cikinsa a ranar 9 ga Janairu 1985, ya zauna kango har aka gyara shi aka sake buɗewa a 1992, kuma har yau ofisoshi ne cike da shi. Muka rubuta suna a ƙofa, muka biya ɗan abin da ake biya, aka nuna mana lif.

Da ƙofar ta rufe, akwatin ya ɗaga, sai na ji cikina ya faɗa irin yadda yake yi in kwalekwale ya hau kan igiyar ruwa a tsakiyar tafki ya sulalo, kunnuwana suka toshe, na riƙe ƙarfen gefe ina hailala a ɓoye, yaron nan kuwa yana ta danna wayarsa ko a jikinsa. A hawa na 24 muka fito, inda aka buɗe gidan tarihin Yarabawa na Odu'a a 2013, Wole Soyinka ne ya yanke zaren buɗewar. A ciki an jera ganguna, da tukwane, da saƙi, da makaman yaƙe-yaƙen da Yarabawa suka gwabza a tsakaninsu a ƙarni na 19, da hotunan manyansu na ilimi da siyasa da addini, kowanne da bayaninsa a rubuce; mai yi wa baƙi jagora kuma ya bi da mu ɗaki-ɗaki cikin natsuwa, kafin ya kai mu bakin taga ya ce mu duba.

Subhanallahi! Iyakar ganin ido rufin kwano ne, mafi yawansa ya yi ja don tsatsa, ya hau tudu ya gangara kwari ya sake hawa, babu fili, babu ganuwa, babu inda za ka ce nan gari ya ƙare daji ya fara. Ta gabas ya nuna mana zauren Mapo na 1929 da manyan ginshiƙansa a kan tudunsa, a tsakiyar tsohon gari inda gidaje suka cushe har ba a ganin lungu. Kusa da shi hasumiyar Bower ta 1936 a kan tudun Oke Are. Ta arewa ga otal ɗin Premier a bisa Mokola, ga babban asibitin koyarwa, can gaba kuma wajen jami'ar da aka kafa a 1948, wadda ta riga kowace jami'a a ƙasar nan. Ta kudu ga filin wasa na Liberty, wanda yanzu yake ɗauke da sunan Awolowo. Ya kuma bi mana da yatsa hanyar rafin Ogunpa, wanda ya yi mummunar ambaliya a 1980, ɗan siriri ne a tsakanin gidaje, wanda a wurinmu ko suna ba lalle ya samu ba. Hasumiyoyin masallatai da na coci-coci suna tsaye kafaɗa da kafaɗa, sau da yawa a layi ɗaya.

Ina cikin wannan kallo sai wata shirwa ta gifta a ƙarƙashinmu, ta baza fukafukai tana shawagi a kan kasuwa, na ga gadon bayanta da yadda take karkata wutsiya hagu da dama tana sarrafa iska, abin da tun da nake ban taɓa gani ba, domin a kullum cikinta muke gani daga ƙasa. Hayaniyar Dugbe kuwa, wadda ɗazu ta hana ni jin maganar yaron da ke gefena, ta koma wani ɗan gunaguni mai nisa. Muka yi ta neman gidan baffa, yaron yana cewa ga shi can bayan masallaci, ni kuwa ban ga komai ba sai kwano a cikin kwanuka. Nan na tabbatar da gaskiyar masu iya magana da suka ce hangen Dala ba shiga birni ba ne: daga sama ana ganin girman gari da tsarinsa, amma karamcin Iya, da tukunyar gidan baffa, da wahalar mai sayen ruwa, duk sai an sauko ake saninsu.

Jagoran ya tambaye ni daga ina nake, da na ce daga bakin Kainji, sai ya yi murmushi ya nuna ƙwan lantarki da ke bisa kanmu. Abin da ya sani game da mu ke nan, ban kuma ga laifinsa ba. Amma ni sai tunani ya ɗauke ni, domin wannan bene da waccan madatsa tsara ne: an fara aikin Kainji a 1964, aka toshe ruwa a 1968, shi kuwa benen ya tashi a tsakanin waɗannan shekaru. Nan an tara gumin manoma an ɗaga shi sama mita 105, har jikokinsu suna hawa suna karanta tarihin kakanninsu. Can kuwa an gina bango mai tsawon mita 65, ruwa ya taru a bayansa fiye da kilomita 130, ya shanye tsohuwar Busa, da mafi yawan tsibirin Foge, da gungaye da tungaye masu yawa, aka tayar da mutane wajen 44,000 daga ƙasar Yawuri da Borgu aka zaunar da su a sababbin gidajen siminti. Ƙasa duka ta amfana da wutar, mu ma mun samu kifi da noman rani, kuma mumini ba ya jayayya da ƙaddara. Sai dai gonaki, da maƙabartu, da masallatai, da kukokin da ake taruwa a gindinsu, suna ƙarƙashin ruwa ba tare da ko allon da ya ambaci sunayensu ba, alhali matafiyin da ya wuce sau ɗaya yana da hasumiya a Jabba.

Muka sauko, yaron ya kai ni wata rumfar abinci inda na ci amala mai zafi da miyar wake da ta lalo, an zuba naman akuya, barkono kuwa har sai da na share hawaye, mai abincin tana yi mini sannu tana ƙara mini ruwa. Da na ba baffa labari da daddare, ya yi shiru, sa'an nan ya shiga lissafa mini gungayen da ya sani yana yaro, da wanda ake noman albasa, da wanda ake sassaƙa jirgi, da inda dorina take fitowa, har ya kai inda sunaye suka fara kuɓuce masa. Na komo gida ta hanyar da na bi, da huhun goro da galan na manja, lafiya lau, alhamdu lillahi.

Shawarar da na komo da ita ga masarautarmu, da malamanmu na makarantun Yelwa da Wara da Shanga, ba ta gina bene ba ce, domin ba mu da kuɗinsa, ba mu kuma da bukatarsa. Ɗaki ɗaya ya isa, a bakin ruwa inda ake taruwa don bikin Rigata, a sa taswirar kogin yadda yake kafin 1968, a rubuta sunan kowane gungu da inda aka mai da mutanensa, a ajiye homa da mali da zago da gangunan Gungawa da na Sarkawa, a kuma ɗauki muryoyin dattawa da Hausa da Gunganci da Kambarci da Shanganci. Wanda yake ɗan shekara goma sa'ad da ruwa ya taso, yau ya doshi saba'in, kuma kowace shekara ana rage mana su. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin wannan aiki tun masu ba da labarin suna raye, amin.